Yadda ake gane da me aka harhaɗa manhajar waya, da ko an ƙunshe ta ko an ɓad da kamarta

Da yawa daga cikin manhajojin da ke wayoyin mutane a Kaduna ba daga Play Store suka sauko ba. Wata ta Xender aka turo ta, wata a zauren WhatsApp aka tsince ta, wata kuma mai gyaran waya a Ahmadu Bello Way ko Kasuwar Gumi ne ya zuba wa kwastoma daga kwamfutarsa don a huta da kuɗin data. Idan irin wannan fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar Android, ya zo hannunka, ko na bashi ne, ko GBWhatsApp, ko wanda ke kiran kansa manhajar banki, tambayoyi uku ne a gabanka, kuma kowacce da hanyarta. Wane inji ne ya harhaɗa kod ɗin? An ƙunshe ainihin kod ɗin a wani wuri ne, ta yadda sai manhajar ta tashi yake buɗewa? An ɓad da kamar sunaye da rubutun da ke ciki? Masu koyo kan cakuɗa ukun, su ga sunaye irin a.b.c su ce an kulle manhaja, alhali wannan aikin yau da kullum ne na kusan kowace manhaja da aka fitar kasuwa. Abin da ake farauta shi ne saɓani, wato inda abin da manhajar ta ce game da kanta bai yi daidai da sawun da kayan aiki suka bari a jikinta ba.

Kayan aiki da ciro fayil

Kwamfuta mai Linux ta fi sauƙi, amma Windows mai WSL, wato Linux da ke gudu cikin Windows, ma ta wadatar. Ana bukatar unzip, strings, readelf da xxd, sai adb da apksigner da aapt2 da dexdump waɗanda ke zuwa da kayan SDK na Android, sannan jadx mai mayar da kod zuwa Java da ake iya karantawa, apktool mai warware APK, da APKiD mai gane injin da ya harhaɗa kod. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin rabin aikin a Termux, musamman lissafa fayiloli da duba sa hannu. Ka sauke komai lokacin da data ke da araha kuma akwai wuta, domin bayan haka kusan duk binciken ba ya bukatar intanet.

Kada ka girka manhajar da kake zargi a wayar da ke ɗauke da layinka da asusun bankinka. Idan tana kan wayar kwastoma, kunna USB debugging a saitin masu haɓaka manhaja, sannan:

adb shell pm list packages -3
adb shell pm path com.misali.manhaja
adb pull /data/app/.../base.apk

Umarni na biyu sau da yawa zai ba ka layi fiye da ɗaya: base.apk, split_config.arm64_v8a.apk, split_config.xxhdpi.apk da makamantansu. Tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sabbin manhajoji tsarin App Bundle, shi ya sa waya ke karɓar manhaja gunduwa-gunduwa. Ka ciro dukkansu. Laburaren .so suna cikin gunduwar da ke ɗauke da sunan furosesa, kuma wanda ya duba base.apk kaɗai zai rantse babu laburare ko ɗaya, ya rasa babbar shaida. A ƙananan wayoyin itel da Tecno masu Android Go sau da yawa armeabi_v7a za ka gani maimakon arm64. Fayil mai ƙarshen .xapk ko .apks ko .apkm kuwa jaka ce kawai da aka zuba waɗannan gunduwoyin a ciki, a buɗe ta tukuna.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki lambar SHA-256 ta fayil ɗin da sha256sum ka rubuta. Da wannan lambar za ka bincika VirusTotal ba tare da ka ɗora fayil ɗin ba. Ɗorawa na cin data, kuma duk abin da aka ɗora masu biyan kuɗi a can suna iya sauke shi, don haka manhajar cikin gida ta wani kamfani ba a ɗora ta sai da izininsu.

Jerin fayiloli ya fi kowane kayan aiki saurin magana

APK fayil ɗin ZIP ne, baitocinsa na farko 50 4B 03 04. Umarnin unzip -l manhaja.apk zai jera abin da ke ciki, kuma a nan ne za ka san ko kod ɗin da kake nema yana cikin classes.dex, fayil ɗin da aka saba ajiye kod ɗin manhajar Android, ko kuwa wani wuri daban yake.

Idan ka ga libflutter.so da libapp.so da foldar assets/flutter_assets, Flutter ce. An rubuta ta da Dart, an mayar da ita kod ɗin inji a cikin libapp.so, don haka jadx ba zai nuna maka komai ba sai ɗan kwanson Java. Wannan ba ƙunshewa ba ce, haka tsarin yake. Idan akwai kernel_blob.bin a flutter_assets, ginin gwaji aka raba wa jama'a, kuma kamfanin da ya san aikinsa ba ya yin haka.

React Native tana barin assets/index.android.bundle. Duba baitocinsa takwas na farko da xxd -l 8. Idan rubutu ne da ido ke karantawa, JavaScript ne tsurarsa. Idan kuwa c6 1f bc 03 c1 03 19 1f ne, an mayar da shi kod ɗin injin Hermes, wanda ya zama na asali tun sigar 0.70, kuma za ka ga libhermes.so a gefe. Cordova da tsohuwar Ionic suna ajiye shafin yanar gizo sukutum a assets/www, Capacitor kuma a assets/public. Xamarin da .NET suna zuwa da libmonodroid.so da libmonosgen-2.0.so, kuma fayilolin DLL ɗinsu kan fara da haruffan XALZ, alamar an matse su da LZ4. Wasannin Unity suna da libunity.so. In akwai libil2cpp.so, nemi global-metadata.dat a ƙarƙashin assets/bin/Data/Managed/Metadata. Lafiyayyensa yana farawa da af 1b b1 fa, in ba haka ya fara ba to an kulle shi da gangan.

Manhajar da aka rubuta da Kotlin kan bar foldar kotlin mai fayilolin .kotlin_builtins. A META-INF/com/android/build/gradle/app-metadata.properties kuma akwai layin da ke faɗin sigar Android Gradle Plugin da aka yi gini da ita. Ka rubuta wannan lambar, za ta yi amfani nan gaba.

Dubi ranakun da ke jerin ma. Kayan ginin Android na zamani suna buga wa kowane fayil rana ɗaya ta bogi, 1981-01-01, don ginin ya riƙa fitowa iri ɗaya. Idan fayiloli ɗari biyar suna ɗauke da 1981 amma guda uku suna da ranar watan jiya, wani ne ya cusa ukun nan da hannu bayan an gama gini. Alama ce mai rauni domin gyara ta ba wuya, amma malalacin ɓarawo ba ya gyarawa.

Wani lokaci unzip zai nemi kalmar sirri, ko ya ce bai san hanyar matsewar ba, ko apktool ya faɗi a kan AndroidManifest.xml, wato manifes mai lissafa shafuka da izinin manhajar, alhali manhajar tana girkuwa lafiya a waya. Fayil ɗin bai lalace ba. An taɓa kan bayanan ZIP ne da gangan, misali an kunna tutar kullewa ta ƙarya ko an rubuta lambar matsewa da babu ita, saboda Android yana kau da kai daga waɗannan amma kayan bincike suna tsayawa. Manhajar gaskiya ba ta da dalilin yin haka, kuma an fi ganinsa a manhajojin satar bayanan banki. Sabuwar sigar jadx ko apkInspector kan iya buɗe irinsu.

Wa ya harhaɗa classes.dex

Nan ne zuciyar aikin. Kod ɗin Java ko Kotlin ba ya shiga waya kai tsaye, sai wani inji ya mayar da shi tsarin DEX. Tsohon injin Google sunansa dx. D8 ya gaje shi a Android Studio 3.1 a 2018, sai R8 ya zama na asali a Gradle Plugin 3.4 a 2019, inda ya haɗa harhaɗawa da rage kiba da sauya sunaye a aiki ɗaya. Akwai kuma Jack, wanda Google ya yi watsi da shi a 2017. A ɗaya gefen akwai dexlib, laburaren da smali, mai mayar da rubutun kod zuwa DEX, ke amfani da shi, wato abin da apktool ke kira idan mutum ya warware manhaja, ya gyara, ya sake ɗinke ta.

D8 da R8 suna barin tambarinsu a rubuce. Gwada wannan:

strings classes.dex | grep -E "~~(D8|R8|L8)"

Za ka ga layi mai kama da ~~R8{"backend":"dex","compilation-mode":"release","min-api":21,"r8-mode":"full","version":"8.2.42"}. Layin nan ɗaya ya gaya maka injin, sigarsa, ko ginin fitarwa ne ko na gwaji, da mafi ƙarancin sigar Android da aka nufa. Yanzu kwatanta. Shin min-api ya yi daidai da sdkVersion da aapt2 dump badging ya nuna? Shin sigar R8 ta dace da zamanin Gradle Plugin ɗin da ka rubuta ɗazu? Idan tambarin ya ce 24 amma manifes ya ce 19, wani ya sauke lambar da hannu don manhajar ta hau tsofaffin wayoyi. Idan compilation-mode ya ce debug a manhajar da ke cewa ta banki ce, ka tsaya nan ka yi tunani.

Tambari rubutu ne kawai, ana iya goge shi, ana iya ƙirƙirarsa. Shi ya sa ake amfani da APKiD, wanda ƙungiyar RedNaga ta fitar. Yana aiki da ƙa'idojin YARA na neman alamomi a cikin fayil, kuma ba rubutu kaɗai yake dubawa ba, har da tsarin da aka jera sassan fayil ɗin. Kowane fayil ɗin DEX yana da taswirar sassansa, kuma kowane inji da nasa jerin: dx yana ajiye su ta wata hanya, R8 ta wata, dexlib ta wata. Kamar ɗinki ne, tela ba ya sa hannu a riga, amma wanda ya san aikin telolin Kasuwar Barci yana juya ta ciki zai gaya maka hannun wane ne. Ana girka shi da pip install apkid, sai a ce apkid manhaja.apk, ko a ƙara -j don a samu sakamakon a tsarin JSON. Wanda ke da MobSF, kayan binciken tsaron manhajojin waya, ya riga ya samu APKiD a ciki.

Karanta sakamakon fayil bayan fayil, kada ka tsaya a layin farko. Manhaja babba tana da classes.dex, classes2.dex, classes3.dex, domin fayil ɗaya ba ya iya ambaton metod, wato ƙananan ayyukan cikin kod, fiye da 65,536. Idan duka sun ce r8, ginin ya fito daga hanyar da aka saba. Idan duka sun ce dexlib 2.x, an warware manhajar an sake ɗinke ta gaba ɗaya. Mafi ɗaukar hankali shi ne gauraye: huɗu sun ce r8, na biyar ya ce dexlib 2.x ko dx. Wannan na biyar ɗin shi za ka fara buɗewa a jadx, domin galibi nan ne aka dasa abin da ba na masu manhajar ba. Haka nan idan APKiD ya ce tsarin na r8 ne amma babu tambari, wani kayan aiki ya bi ta kan fayil ɗin bayan gini.

Sai dai a yi hattara da yanke hukunci. Wasu kayan kariya na kasuwanci da kamfanoni ke saya su ma da dexlib suke sake rubuta DEX, don haka manhajar gaskiya daga Play Store tana iya nuna dexlib 2.x. Kalmar dexlib tana cewa an taɓa fayil bayan gini ne, ba ta faɗin wanda ya taɓa. Sa hannu ne ke faɗin wannan.

Sa hannu

Android ba ya girka APK marar sa hannu, kuma duk wanda ya sauya ko bait ɗaya dole ya sake sa hannu da nasa mabuɗin, tunda ba shi da na masu manhajar.

apksigner verify --verbose --print-certs manhaja.apk

Zai nuna tsarin da aka yi amfani da shi: v1 tsohon salon JAR, v2 daga Android 7.0, v3 daga Android 9, sai v4 daga Android 11 wanda ke zama a fayil na daban. Zai kuma nuna sunan da ke kan satifiket da lambarsa ta SHA-256. Sunan ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta sunan banki ko na Google a satifiket ɗin da ya ƙera a ɗakinsa. Lambar ita ce hujja. Sauke manhajar ta gaskiya daga Play Store a wata waya mai tsabta, ciro ta da adb, ka kwatanta lambobin biyu. Ko sigoginsu sun bambanta, lambar satifiket ya kamata ta zo ɗaya, sai in kamfanin ya sauya mabuɗi ta hanyar v3, ko yana amfani da mabuɗi daban don shago daban.

Sunaye biyu ne ke isa a ajiye fayil gefe nan take. Na farko CN=Android Debug, mabuɗin gwaji da Android Studio ke ƙera wa kowa. Na biyu mai CN=Android, O=Android, L=Mountain View da adireshin android@android.com, wanda galibi mabuɗin gwaji ne na AOSP, wato buɗaɗɗen kod ɗin Android, da ke a fili ga duk duniya. Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima da yawa da shi ake sa musu hannu, ma'ana kowa na iya fitar da sabuntawar da za ta hau kansu ta gaji duk bayanan da ke ciki. Kada a rikita shi da mai O=Google Inc., wanda ake gani idan Play ne ya ƙera wa mai manhaja mabuɗi. Idan kuma ka ga kilas, wato rukunin kod, mai suna bin.mt.signature.KillerApplication ko libSignatureKiller.so, an dasa abin da ke yaudarar manhajar ta ɗauka sa hannunta na asali na nan. Wannan ba ya bukatar dogon tafsiri.

Ƙunshewa

Maƙunshi yana ɗauke ainihin classes.dex, ya kulle shi, ya ɓoye a assets ko cikin laburaren .so ko a wutsiyar wani fayil, ya bar ɗan ƙaramin kwanso a madadinsa. Da manhajar ta tashi, kwanson ne ke fara gudu, tun a attachBaseContext, ya buɗe kod ɗin a ƙwaƙwalwar waya, ya loda shi da DexClassLoader ko InMemoryDexClassLoader wanda ya zo da Android 8.0.

Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi ba ya bukatar sanin sunan maƙunshin. Fitar da manifes da aapt2 dump xmltree --file AndroidManifest.xml manhaja.apk, ɗauki sunan babban shafin manhajar, misali com.misali.manhaja.MainActivity, ka neme shi a duk fayilolin DEX a siffar Lcom/misali/manhaja/MainActivity; da strings da grep. Android da suna yake kiran waɗannan kilas ɗin, don haka R8 ba ya sauya su, kuma kayan da ke sauya su dole su gyara manifes ya dace. Idan manifes ya lissafa shafuka arba'in amma babu ko ɗaya a DEX, kod ɗin yana wani wuri a ƙunshe. Togiya ɗaya: shafin da ke da android:splitName yana cikin wata gunduwa da ake saukewa daga baya, rashinsa a base.apk ba laifi ba ne.

Gwaji na biyu shi ne awo. Umarnin dexdump -f classes.dex zai nuna class_defs_size, wato yawan kilas. Manhajar zamani ko ƙarama ce tana da dubbai saboda laburaren AndroidX kaɗai. Fayil mai megabait 9 da kilas 20 a ciki, sauran nauyin kayan ɓoye ne aka liƙa masa a baya, kuma haka Jiagu na kamfanin Qihoo 360 ke yi.

Daga nan sai sunaye. Dubi android:name na application a manifes da jerin lib da assets. Jiagu yana barin com.stub.StubApp da libjiagu.so, sau da yawa a assets. Legu na Tencent yana barin com.tencent.StubShell.TxAppEntry da laburare masu farawa da libshella. Bangcle yana da libsecexe.so da libsecmain.so, sabon salonsa na SecNeo kuma libDexHelper.so. Ijiami yana da ijiami.dat da libexec.so, Baidu libbaiduprotect.so, Alibaba libmobisec.so, NetEase libnesec.so, DexProtector na Licel kuma libdexprotector.so. Yawancin waɗannan na ƙasar Sin ne, kuma manhajojin da aka gina a can, har da na bashi da ake tallatawa a nan, suna yawan zuwa da su. Shi kuwa libpairipcore.so kariyar Google Play ce da kanta, ganinsa alama ce cewa asalin fayil ɗin ta Play ya biyo.

Idan babu sunan da ka sani, auna hargitsin baitoci da ent ko binwalk -E. Ma'aunin ent daga 0 zuwa 8 yake. DEX na yau da kullum yana ƙasa sosai da 8, abin da aka kulle kuwa yana manne da 7.99. Amma abin da aka matse ma haka yake, hoto da bidiyo da sauti duk suna can sama. Saboda haka ka haɗa da umarnin file: fayil mai suna bg.png ko font.ttf wanda file ya ce data ne kawai, ga hargitsi ya kai maƙura, ga nauyin megabait uku, shi ne abin zargi. Ka auna bayan ka ciro fayil ɗin daga APK, in ba haka ba matsewar ZIP kake aunawa.

Ƙunshewa kaɗai ba ta sa manhaja ta zama muguwa. Bankuna da masu wasanni suna biyan kuɗi mai yawa a kanta. Abin tambaya shi ne ko ta dace da mai ita. Tocilan ko kalkuleta da aka ƙunshe da Jiagu, tana neman izinin karanta SMS da na Accessibility, me take ɓoyewa?

Ɓad da kama, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Buɗe jadx ka kalli bishiyar sunaye. Gajerun sunaye a, b, aa, a0 aikin R8 ne ko ProGuard, kuma an fi yinsa don rage nauyi. Rubutun cikin kod yana nan a fili: adireshin sabar, saƙonnin kuskure, sunayen tebur. R8 da ProGuard ba sa kulle rubutu. Wannan ita ce iyakar da ke raba na kyauta da na kuɗi. Haka ma ganin res/a1.xml ko res/Zx.png ba abin tsoro ba ne, Gradle Plugin yana gajarta waɗannan tun sigar 4.2, yayin da r/a/b.xml ya fi kama da AndResGuard.

Idan ka ga inda ya kamata a ce rubutu ne amma sai kiran wani metod da lambobi ko tarkacen haruffa, kuma metod ɗin nan ɗaya ana kiransa sau dubbai, an kulle rubutu. Gwaji mai sauri: strings classes.dex | grep -c http. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet amma ba ta da adireshin kanta ko ɗaya, ta ɓoye su ne. DexGuard na kamfanin Guardsquare da ke Beljiyam, wato ɗan'uwan ProGuard na kuɗi, an san shi da sunaye na baƙin haruffan Unicode masu kama da ɗigo da waƙafi, da yawan kiran metod ta bayan gida da Class.forName da getMethod. Sunaye irin IlIlllI ko O0OO0o daga ƙamus na musamman suke, kowa na iya ba R8 irin wannan ƙamus, don haka su kaɗai ba sa nuna kayan kuɗi. Mataki na sama shi ne dagula tafiyar kod: metod ya koma babban while da switch mai rassa hamsin, jadx ya gaza ya zubo maka smali. Gazawa a metod biyu ko uku al'ada ce, musamman a kod ɗin Kotlin. Gazawa a kowane shafi ita ce alama.

APKiD zai kuma jero anti_vm da anti_debug, kamar duba Build.FINGERPRINT, Build.MODEL ko Debug.isDebuggerConnected. A nan masu koyo suka fi ruɗewa. Laburaren talla da na ƙididdiga da na rahoton faɗuwa duk suna duba waɗannan, don haka kusan kowace manhaja za ta nuna su. Nemi kalmar a jadx ka ga a wane kunshin suna take. Idan a laburaren talla ne, wuce. Idan a kwanson da ke fara gudu ne, yana neman goldfish da ranchu na emuleta ko tashar 27042 ta Frida, kayan leƙa cikin manhaja tana gudu, sannan ya kashe manhajar, wannan kariya ce ta gaske.

Laburaren .so suna da nasu sawun. readelf -p .comment libwani.so kan nuna sigar clang ta Android, sashen .note.android.ident kuma yana ɗauke da sigar NDK, wato kayan Google na gina irin waɗannan laburare. An cire GCC daga NDK a r18 a 2018, don haka laburaren da ke cewa GCC ko tsoho ne ko ba da kayan Google na yanzu aka gina shi ba. Hanyoyi masu /rustc/ suna nuna Rust, libgojni.so yana nuna Go, haruffan UPX! suna nuna an matse shi da UPX. Idan readelf ya yi kukan cewa teburin sassa ya lalace alhali laburaren na aiki, da gangan ne, domin mai loda laburare a Android wani tebur daban, wato program header, ya fi dogara da shi. A Ghidra kuma, kayan warware kod ɗin inji, aikin da zanensa ya zama akwati ɗaya a sama da ɗaruruwan ƙanana a jere suna komawa gare shi, salon O-LLVM mai dagula tafiyar kod ke nan.

iPhone a taƙaice

Fayil ɗin IPA shi ma ZIP ne, manhajar na cikin Payload. Info.plist yana da DTXcode da DTSDKName masu faɗin sigar Xcode da SDK. Umarnin otool -l a kan babban fayil ɗin zai nuna LC_ENCRYPTION_INFO_64. Idan cryptid 1 ne, kullen FairPlay na App Store yana nan kuma strings ba zai ba ka abin kirki daga sashen kod ba. Idan 0 ne a manhajar da aka ce daga App Store take, an riga an kwance ta. Kasancewar embedded.mobileprovision na nufin ba ta shagon aka raba ta ba. Flutter.framework da App.framework na nuna Flutter, main.jsbundle na nuna React Native.

Idan dole sai an kunna ta

Kod ɗin da aka ƙunshe dole ya buɗe a ƙwaƙwalwa kafin ya yi aiki, don haka a nan ake kama shi. Ana amfani da tsohuwar waya da aka yi wa rut, wato aka buɗe cikakken iko a kan tsarinta, babu layi, babu asusun Google na gaske, ba a kan Wi-Fi ɗin shago ba. Waya ta gaske ta fi emuleta, tunda maƙunsa da yawa suna ƙin buɗewa a emuleta, wasu kuma ba su da laburaren x86 sam. A kunna frida-server, a buɗe manhajar, a shiga shafuka biyu ko uku don kilas ɗin su lodu, sannan frida-dexdump -FU ya kwashe duk abin da ke kama da DEX a ƙwaƙwalwa. Wannan don manhajarka ne, ko wadda aka ba ka izini, ko wadda ake zargi da cuta. Kwance kariyar manhajar wani don a sake raba ta ko a taɓa sabar kamfani na iya jefa mutum ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Abin da ka kwaso ka sake bi da shi ta APKiD da grep ɗin tambarin R8, domin a nan ne ainihin injin da masu manhajar suka yi amfani da shi zai bayyana, ba na kwanson ba. Za ka samu fayiloli da yawa, wasu na tsarin Android ne, wasu maimaici, sai ka ware wanda ke ɗauke da sunan MainActivity ɗin da ka rasa ɗazu. Idan jadx ya ƙi buɗe shi saboda lambar tantancewa ta Adler-32 ba ta dace ba, kashe duba checksum a saitin jadx. Idan ya buɗe amma metod ɗin duk fanko ne, ko cike da nop, maƙunshin irin wanda ke mayar da jikin metod ne sai lokacin da aka kira shi. Idan kuma onCreate ya koma native babu jiki ko kaɗan, an mayar da shi kod ɗin wani injin sirri da ke cikin .so, kuma kwasar ƙwaƙwalwa ba za ta dawo da shi ba. A irin wannan hali sai a koma kallon abin da manhajar ke aikatawa: izinin da take nema, fayilolin da take rubutawa a /data/data, da adireshin da take tuntuɓa a minti biyar na farko bayan an kunna ta.